Ɗigo Uku da Ba Sa Rawa

Mai agogo bai yarda da abin da bai gani ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana zaune bayan gilashin wani ɗan shago, madubi maƙale a idonsa na dama, yana leƙa cikin agogunan mutane. In aka kawo masa agogo aka ce ruwa ne ya shiga, sai ya ce, "Za mu gani." In aka ce faɗuwa ya yi, ya ce, "Za mu gani." Sai ya buɗe bayan, ya duba, sannan ya faɗi abin da ke ciki, wanda sau da yawa ba shi aka gaya masa ba.

Saboda haka da tari ya kama shi ya ƙi saki har wata huɗu, babu wanda ya yi mamakin taurin kansa. Ya rame. Ɗamarar agogon hannunsa ta koma ramin ƙarshe, sai ya ɗauko basilla ya huda mata sabon rami, ya ce fatar ce ta saki.

Babbar 'yarsa tana aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti. A gida Likita ake ce mata, ko da yake ba likita ba ce, ta kuma gaji da gyara wa mutane. Sau biyu tana karɓar kakinsa a 'yar roba mai murfi, ta kai wurin aiki ta duba a madubin gwaji. Duk biyun ba ta ga ƙwayar tarin fuka ba.

"To, kin gani," in ji shi.

"Ban gani ba, Baba. Rashin gani daban, babu daban."

"A sana'ata duk ɗaya ne."

"A tawa ba ɗaya ba ne. Madubinmu sai ƙwayoyin sun yi dubbai a ɗigo guda kafin ya nuna. In kaɗan ne, sai ya wuce su. Ka je babban asibiti, suna da inji."

"In rufe shago in je in bi layi, don a gaya min abin da wani inji ya ce a cikin ransa? Ki nuna min da idona, in sha duk maganin da kika kawo."

Da shi kaɗai ne da sai ta ƙyale shi da halinsa na ɗan lokaci. Amma ƙanwarta, Auta, tana da ciki wata takwas. Mijinta yana aiki a jirgin ruwa, sai ya yi wata tara bai taka ƙasa ba, don haka ta dawo gidan iyayenta. Gidan kuwa ɗaki biyu ne a bene na uku, taga ɗaya a kowanne. Likita ta auna da ƙafarta: daga inda aka kafa gadon jariri zuwa inda Baba ke kwana, taku huɗu ne.

Ta ce masa, "Babba ya kamu, a yi masa magani ya tashi. Jariri ɗan kwana biyu, ba haka ba ne."

Ya yi tari a cikin hankici, ya ninke shi ya sa a aljihu.

Shagon da ke jikin nasa na mai gyaran waya ne, dattijo kamarsa, wanda ya faro daga rediyo ya bi zamani. Katako ne ya raba su, da wata 'yar taga a tsakiya wadda suke miƙa wa juna shayi da baƙar magana. Mai waya yana kiransa Tarihi, wai babu mai ɗaura agogo yanzu sai wanda ke jiran a binne shi da shi. Shi kuma yana kiran mai waya Mahauci, wai bai taɓa gyara komai ba, fiɗa yake yi ya jefar da na ciki ya sa sabo.

Wata Litinin da safe Likita ta shiga shagon mai waya maimakon na ubanta. Ta shimfiɗa takarda a kan tebur. Mai agogo yana jin su ta 'yar tagar, yana yi kamar ba ya ji.

Wani kwas ta je, aka nuna musu. Akwai rini da ke kama ƙwayar tarin fuka. In aka haska shi da shuɗin haske, sai ya mayar da nasa hasken, kore-kore mai ruwan zinare. A sa gilashi rawaya ya tare shuɗin, sai komai ya yi baƙi ƙirin, ƙwayoyin kaɗai ke haske. Ko guda biyar ne, za a gan su. Madubin da ke wannan aikin asibitinsu ba shi da shi. Amma an ce waya za ta iya, in aka ciro idon kyamarar wata matacciyar waya aka juya shi baya, aka ɗora a kan idon mai rai.

"Matattun wayoyi kam, kwali guda gare ni," in ji mai waya.

Murya ta fito ta 'yar tagar. "Kai ka kashe su, dole ka san inda suke."

"Tarihi, da kai ake?"

"Rinin nan," mai agogo ya ce, bai kula shi ba, "irin na hannun agogo ne mai haske a duhu?"

Likita ta yi murmushi. "Kusan haka, Baba. Sai dai na agogo yana shan haske ya ajiye. Wannan ba ya ajiya. Kana kashe fitila ya mutu."

"Uhm," in ji shi, ya koma aikinsa.

Kwana biyu suna fama. Mai waya ya samo gwangwanin biskit ya shafe cikinsa da baƙin fenti. Ya dasa 'yar shuɗiyar fitila a gefe. Ya yanka gilashi rawaya. Duk wannan ya yi kyau. Abin da ya gagare su shi ne saiti. Tsakanin idon kyamara da ɗan gilashin da ake shafa kaki a kai, akwai wuri ɗaya tak da hoto ke fitowa sarai, kuma kaurin wurin bai kai silin gashi ba. Mai waya ya yi ta jera takardu a ƙarƙashin gilashin, ya ƙara ɗaya ya cire ɗaya. Ya sa gam. Ya sa tsinken ashana. Hoton ya zo ya wuce kamar kifi a ruwa.

Ranar Laraba mai agogo ya leƙo ya ga tsinken ashanar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ku kawo nan," ya ce.

"Me?"

"Ku kawo nan kafin idona ya ruɓe. Ashana! A cikin kayan awo!"

Ya sani sarai wuyan wa ake saƙa wa igiya. Amma ganin aikin banza ya fi masa tari ciwo. Ya sauko da wani tsohon agogon bango da mai shi bai dawo ɗauka ba tun Auta tana goye, ya ware shi. Da tagullar cikinsa ya yanka ɗan dandamali da gilashin zai hau. Ya fiƙe noti mai sirirrin hawa, yadda sai ka juya shi zagaye guda cur kafin dandamalin ya ɗaga kaurin takarda. Ya sa sifirin a ƙasa don kada ya yi wasa. Ya ɗauko kan da ake wana agogon da shi ya sa a matsayin maɗauki. Kwana uku bai gyara agogon kowa ba. In tarin ya zo sai ya ajiye matsefata, ya juya bango, ya gama, ya jira hannunsa ya natsu, ya ɗauka.

Da ya gama, mai waya ya zagayo ya juya maɗaukin da yatsa biyu. Ya sake juyawa. Sannan ya ce, "Ashe kana da sauran amfani."

Saura waya. Ta Likita kyamararta ba ta gani a duhu. Mai waya ya ce duk unguwar babu kamar ta Auta, wadda mijinta ya aiko mata. Auta ta kawo ta da kanta, tana tafe tana dafa baya, ta zauna a bencin ƙofar shago.

"Ku dai kada ku lalata min ita. Baba, ɗago in ɗauke ka."

Kafin ya hana ta ta ɗauka. Ta juyo masa da fuskar wayar. Mai agogo yana da zanen ƙyanda a kumatu tun yana yaro, da wani ɗan baƙin tabo a ƙasan idon hagu. A hoton babu ko ɗaya. Fuska sumul kamar an goge ta da dutsen guga.

Mai waya ya kwashe da dariya. "Ango! Tarihi, wallahi in ka fita da wannan fuskar sai an yi maka tayi."

"Wannan ba ni ba ne."

"Kai ne mana, Baba. Wayar ce ke gyara mutum da kanta."

"Wa ya ce mata na lalace?"

Aka yi dariya aka bar maganar.

Likita ta kawo wani gilashi daga wurin aiki, na wani majinyaci da aka riga aka tabbatar yana ɗauke da cutar da yawa. An kashe ƙwayoyin da wuta, an rina su. Ta zura shi cikin gwangwanin, ta rufe, ta kwantar da wayar a bisa, ta kunna fitila. Ta miƙa hannu za ta juya maɗaukin.

"A'a," in ji mai agogo. "Ba a yi masa riƙon murfin kwalba."

Shi ya juya. Fuskar wayar baƙa. Sai wani hazo kore. Ya ƙara kwata. Hazon ya tsuke, ya tsuke, ya watse ya zama 'yan sanduna, ɗaruruwa, wasu a ware wasu a dunƙule, kowanne yana ci da haske a cikin baƙin. Ta danna, hoton ya fito tas.

Shekara arba'in mai agogo yana ganin ƙananan abubuwa, yana kuma jin babu wanda ya fi shi ganinsu a titin. Bai taɓa ganin ƙanƙanta irin wannan ba. Ya dubi gwangwanin biskit, ya dubi 'yarsa, wadda ya san ranar da ta kasa ɗaure igiyar takalminta.

"Waɗannan ne ke cin mutum?"

"Su ne."

"Ba su da muni," in ji shi.

Likitan asibitin, na gaske, ya yarda ta gwada abin a ɗakin gwaji, da sharaɗin duk abin da ya nuna sai babban asibiti ya sa hannu. Aka sa ranar Litinin ta sama mai agogo zai ba da kaki na uku. Sai Auta ta riga su. Ranar Alhamis da hantsi naƙuda ta zo, sati uku kafin lokaci, kafin la'asar ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya amma lafiya lau. Aka ce gobe ƙarfe huɗu za a sallame su.

Juma'a da safe mai agogo ya rufe shago, abin da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya sa riga mai guga. Likita ta ɗaura masa takunkumi, ta ce kada ya kusanci ɗakin masu haihuwa sai an gama. Ya bi ta ɗakin gwaji saboda bai yarda kowa ya taɓa masa maɗauki ba.

Ɗakin ƙarami ne: famfo, firji mai gurnani, teburin siminti da fararen tayil, kwalabe a jere. Ya zauna a kan doguwar kujera yana kallonta. Ta shafa kakin a gilashi da ɗan tsinke, siriri, ba kauri. Ta bar shi ya bushe. Ta gifta shi a kan wuta sau uku. Ta zuba rini, ta dubi agogon bango, wanda yake latti da minti biyu, ya kuma yi ƙoƙari bai faɗa ba. Ta wanke, ta zuba wani ruwan, ta sake wankewa. Hannunta bai yi motsi ɗaya na banza ba. Ya san irin wannan hannun. Bai san cewa ta gaje shi ba sai yau.

Ta zura gilashin, ta rufe, ta kunna.

"Bismillah, Baba. Kai ka saita, ni in ɗauka. Wuri talatin za mu duba."

Ya maƙala madubinsa a ido, don da shi ya saba, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fuskar wayar. Wannan karon babu ɗaruruwan sanduna. Baƙi ne, da wasu ƙananan ɗige-ɗige masu tsalle ko'ina kamar ruwa na tafasa.

"Mene ne waɗannan?"

"Ba komai ba ne. Tsakin kyamara ne, haka take yi in duhu ya yi yawa. In na ɗauka za su tafi."

Ta danna. Wayar ta yi ɗan tunani, ta fito da hoto baƙi sumul. Ta rubuta sifili. Ta matsa gilashin gaba. Ya saita, ta danna, sifili.

A wuri na goma sha ɗaya ya ga wani abu. Duk ɗige-ɗigen suna rawa, amma can gefen hagu akwai uku da ba sa rawa. Dishi-dishi ne ƙwarai, da kyar suka fi duhun haske. Ya taɓa maɗaukin kaɗan, suka narke. Ya mayar, suka dawo, a daidai inda suke. Ido da ya saba tsinto silin gashi a cikin agogo mai tafiya ya san bambancin abin da ke motsi da abin da ke tsaye.

Ta danna. Hoton ya fito baƙi sumul.

"Sifili," in ji ta.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ita ce ta yi karatun. Ta ce tsaki ne. Hoto kuma ga shi, ya gani da idonsa, babu komai. Ba shi ne kullum ke cewa a nuna masa ba? An nuna masa.

A wuri na sha tara ya sake ganin ɗaya. A na ashirin da shida, biyu. Bai ce komai ba.

Da aka kai talatin Likita ta ajiye biro. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana buɗa su da yatsu. Ta sauke numfashi mai tsawo, ta jingina da firji, ta rufe ido.

"Alhamdulillahi. Babu, Baba. Ko ɗaya. Za mu nemi dalilin tarin, amma ba shi ba ne." Ta yi dariya. "Ka ci ni. Zo mu je ka ga jikarka."

Suka fito. Barandar doguwa ce, ana goge ta, warin maganin shara yana tashi. Ya bi bayanta yana jin takunsa. Suka wuce ɗakin allura, suka wuce masu jiran kati. A bakin ɗakin masu haihuwa matarsa ta hango su, ta dubi fuskar Likita ta gane, ta juya ciki da sauri. Ta fito rungume da wani abu cikin farin tawul.

"Cire wannan tsumman a bakinka, Malam, kada ka tsorata min amarya. Ga ta nan. Hancinka ta kwaso, Allah ya ba ta haƙuri."

Taku biyar ne tsakaninsu. Yana iya ganin tafin ƙafa ɗaya da ya leƙo daga tawul, bai kai babban yatsansa ba. Ƙafar duk tamoji, da ɗan jan tabo a dunduniya.

Idonsa ya tsaya a kan tabon. Sai ya tuna da nasa, na ƙasan ido, da fuskar angon da aka nuna masa a bakin shago.

"Tsaya nan," ya ce wa matarsa. "Kada ki matso."

"Me kuma?"

Ya juya wurin 'yarsa. "Wayar da ta share min zanen ƙyanda ba ta tambaye ni ba, me zai hana ta share ɗigo?"

"Wane ɗigo?"

"Uku a wuri na sha ɗaya. Ɗaya a sha tara. Biyu a ashirin da shida. Ba sa rawa. Kina dannawa sai su tafi."

Likita ta dube shi. Ya ga fuskarta ta sauya, ba fushi ba, lissafin aiki.

"Amma gilashin farko ya fito."

"Waɗancan suna da yawa, suna da haske. Ko ni ba ta share min hanci ba. Ƙanana take ci."

"Me ya sa ba ka faɗa ba a can?"

"Ina son in ɗauke ta," in ji shi. "Mu koma."

A ɗakin gwaji ta kira mai waya a tata wayar, ta sa a lasifika. Ana jin hayaniyar titi a bayansa.

"Kawu, wayar Auta tana goge ƙananan haske in ta ɗauki hoto a duhu?"

"Sosai ma. Ai abin da ake sayenta dominsa ke nan. Duk abin da ta ga ƙarami ne, dishi-dishi, sai ta ce datti ne ta share." Sai ya farga. "Kai! Kai, kai. Ni ne ya kamata in tuna. Wa ya gano?"

"Baba."

"Tarihi? Da wane idon?"

"Da wanda ba ka da shi," in ji mai agogo. "Faɗi yadda ake hana ta, ka bar surutu."

Mai waya ya bi da ita. Ta fita daga inda wayar ke yi wa kanta hukunci, ta shiga inda mutum ke saita komai da hannu. Ta kashe gyaran hoto, ta zaɓi ɗanyen hoto, wanda ba a taɓa ba. Ta sa idon kyamarar ya zauna a buɗe daƙiƙa takwas yana tara haske.

"Amma fa ko numfashi aka yi kusa da ita hoton ya lalace," in ji mai waya. "Sai abin ya tsaya cik."

"Zai tsaya," in ji mai agogo. "Ba da ashana aka yi shi ba."

Ta mayar da gilashin wuri na sha ɗaya. Ta ce rinin yana dusashewa in ya daɗe a haske, don haka su yi sauri. Ya saita. Ya ɗauke hannunsa. Tarin ya taso masa, ya danne shi a ƙirji, yana bin daƙiƙun a agogon hannunsa. Takwas. Ya juya bango ya sake shi.

Da ya juyo tana riƙe da wayar. Hoton ba shi da kyau, duk tsaki, kamar bango da ba a yi wa shafe ba. A gefen hagu ga 'yan sanduna uku, sirara, ɗaya ta ɗan lanƙwashe, kore mai ruwan zinare.

Ta sake bin wuri talatin ɗin. Ta sami tara.

Ba ta yi kuka ba, shi ma bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya karɓi wayar ya sa madubinsa, ya daɗe a kan ukun nan.

"Na jikina ne," ya ce. "To. Na gani. Kawo maganin."

"Sai babban asibiti sun tabbatar, Baba."

"Su tabbatar. Rubuta min takardar, in je in bi layin."

Likitan na gaske ya zo ya dubi hoton, ya dubi gwangwanin biskit, ya juya maɗaukin, ya tambayi inda aka sayo shi. Aka nuna masa mai agogo. Ya rubuta takarda zuwa babban asibiti, ya ce a duba matarsa da Auta su ma, ya ce kada dattijon ya kwana ɗaki ɗaya da jaririyar har sai magani ya kama jikinsa, sati biyu ko fiye. Ƙarfe huɗu aka sallami Auta. Mai agogo yana tsaye can tsallaken titi lokacin da suka shiga mota.

A bayan shagonsa akwai wani lungu da yake ajiye agogunan bango. Ya kwashe su ya shimfiɗa katifa. Bayan kwana uku injin babban asibiti ya faɗi abin da gwangwanin ya riga ya faɗa. Matarsa da Auta ba a sami komai a jikinsu ba. Aka ba shi ƙwayoyi na wata shida. Ya wana wani agogo mai ƙararrawa ya sa shi ƙarfe bakwai na safe, bai taɓa bari ya buga ba, kullum yana riga shi. Ya liƙa takarda a 'yar tagar da ke tsakaninsa da mai waya, ya bar ƙofar titi a buɗe don iska. Asibitin suka aiko a tambaye shi ko zai yi musu dandamali biyu. Ya ce a dawo masa da na farkon tukuna, ya ji yana ɗan wasa a zagaye na uku.

Rana ta biyar, mai waya ya ƙwanƙwasa gilashin gaban shago, ya manna fuskar wayarsa a jiki.

"Tarihi! An aiko maka da amaryarka."

Mai agogo ya dubi hoton daga inda yake zaune. Jaririya ce sumul, kumatu kamar na 'yar tsana.

"Ka ce wa Auta ta kashe mai sharewar nan ta sake ɗauka."

"Kai dai ba ka da godiya."

Bayan minti goma ya dawo ya sake mannawa. Wannan karon goshin duk ƙananan ƙuraje, fatar hannu tana saɓa, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, bakin a murguɗe za ta yi kuka. Mai agogo ya taso, ya gyara takunkuminsa, ya maƙala madubi a ido, ya sunkuya a kan gilashin.

"Riƙe da kyau, Mahauci," ya ce. "Hannunka na rawa."